Hasashen dusar ƙanƙarar tafki: tambayoyi da amsoshi

A gaɓar manyan tafkuna biyar na yankin iyakar Amurka da Kanada, wato Superior da Michigan da Huron da Erie da Ontario, akwai wata irin dusar ƙanƙara da ba ta bin ƙa'idar da aka saba. Tana iya binne motoci a wata unguwa, alhali kilomita goma daga nan rana ce ta fito tarwai. Sanin cewa za ta zuba ba ya ba masu hasashen yanayi wahala sosai. A kan wa za ta zuba, kuma awa nawa za ta yi a kansa, nan ne gizo ke saƙar.

Mece ce dusar tafki, kuma me ya raba ta da sauran dusar ƙanƙara?

Dusar da aka saba da ita takan zo ne da babban hadari mai faɗin ɗaruruwan kilomita, ta sauka a jihohi da dama lokaci guda. Ita kuwa wannan tafki ne ke haifar da ita. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu, iska mai tsananin sanyi takan gangaro daga arewacin Kanada, ta ratsa ta kan ruwan da bai gama hucewa daga zafin watannin baya ba. Ruwan ya ɗumama iskar da ke dab da shi, ya kuma shayar da ita danshi. Da ta yi ɗumi sai ta rage nauyi ta yi sama, can ta sake yin sanyi, danshin ya zama gajimare, gajimaren ya zama dusa. Iska ta kwaso shi ta juye a gaɓar da ta nufa.

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa bakin kogi a tsakiyar hunturu ya ga tururi na tashi a kan ruwa, to ya ga mafarin al'amarin. Sai dai a can ruwan ya kai tsawon kilomita 300, iskar kuma ta yi ƙasa da sifiri nesa ba kusa ba.

Gajimaren ba ya bazuwa ko'ina, jeruwa yake yi ziri-ziri. Ziri ɗaya yana iya wuce kilomita 100 a tsawo, amma faɗinsa sau da yawa bai fi kilomita 10 zuwa 30 ba. A cikinsa dusa kan taru santimita 5 zuwa 8 a awa guda, in abin ya yi tsanani har 15, wani lokaci ma da tsawa da walƙiya.

Ruwan tafki a watan Nuwamba ai sanyi gare shi. Ina ɗumin yake?

Ɗumin na kwatance ne. Ruwa mai digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, in mutum ya faɗa ciki ba zai daɗe da rai ba, amma ga iskar da ke digiri 12 ƙasa da sifiri wannan ruwan zafi gare shi.

Lamba ta farko da kowane mai hasashe ke dubawa ita ce 13. Ana ɗaukar zafin saman ruwa, a gwama da zafin iska a matakin da nauyin iska yake miliba 850, wato kusan mita 1,500 sama da teku. In tazarar ta kai digiri 13, ƙofa ta buɗe. Lambar ba ta ka aka tsinto ta ba. Busasshiyar iska in tana hawa sama tana rasa kusan digiri 10 a kowace kilomita. Tafkin Erie kuma yana mita 174 sama da teku, don haka tsakaninsa da wancan mataki akwai kamar mita 1,300. In ka lissafa, digiri 13 ke nan. Ma'ana, iskar da ta tashi daga kan ruwa za ta isa can tana da ɗumi daidai da iskar da ta tarar ko fiye, don haka babu abin da zai tsayar da ita. In tazarar ta kai digiri 20 ko ta wuce, masu hasashe sukan gyara zama.

Akwai sharaɗin da ake mantawa da shi: dole iskar ƙasa ma ta yi sanyin da dusa za ta iso ba ta narke ba. A watan Satumba tazarar 13 kan cika, amma ruwan sama ake samu.

Da me ake auna waɗannan abubuwa?

Iskar sama, da balan-balan. A ƙa'ida sau biyu a rana, ƙarfe 12 na dare da 12 na rana agogon GMT, ofisoshin hukumar hasashen yanayi ta Amurka a garuruwa irin su Buffalo (birnin da ke gaɓar gabashin Tafkin Erie a jihar New York) da Gaylord da Green Bay sukan saki balan-balan ɗauke da ƙaramar na'ura. Tana hawa har kusan kilomita 30 tana aiko da zafi da danshi da nauyin iska, tafiyarta kuma tana nuna ƙarfin iska da inda ta nufa a kowane mataki. Jiragen sama na fasinja ma suna aiko da irin wannan bayani yayin tashi da sauka.

Zafin ruwa ya fi wuyar samu, kuma abin takaici shi ne a daidai lokacin da aka fi bukatarsa ne ya fi ƙaranci. Na'urorin da ke shawagi a tsakiyar tafkunan galibi akan janye su kafin hunturu don kada ƙanƙara ta farfasa su. Tauraron ɗan Adam yana iya auna zafin saman ruwa, amma sai in babu gajimare, ga shi kuwa a lokacin sanyi tafkunan sukan yi kwanaki a lulluɓe. Cibiyar binciken manyan tafkuna ta NOAA, hukumar Amurka mai kula da teku da yanayi, da ke Ann Arbor a jihar Michigan tana harhaɗa abin da aka samu ta fitar da taswirar zafin ruwa kullum. A Buffalo kuwa, adadin da ake sanarwa a matsayin zafin Tafkin Erie ana ɗauko shi ne daga wurin da gidan ruwa na birnin ke zuƙo ruwa, a zurfin kusan mita 9.

A ƙasa akwai tashoshin filayen jiragen sama, sannan jihar New York tana da nata tashoshi sama da 120 da Jami'ar Albany ke kula da su, kowace tana aiko da bayani duk minti biyar, da kyamara da na'urar auna zurfin dusa.

To in tazarar zafi ta cika, shi ke nan sai dusa?

A'a. Da sauran abubuwa, kuma ko ɗaya ya saɓa sai lissafi ya rushe.

Akwai nisan tafiyar iska a kan ruwa. In ba ta yi aƙalla kilomita 80 zuwa 100 ba, ba ta sha danshin kirki ba. Wannan ne ya sa siffar tafki take da muhimmanci. Erie ya kai kilomita 388 a tsawo, Ontario 311, dukansu kuma sun miƙe kusan daga yamma zuwa gabas, daidai hanyar da iskar hunturu ta fi bi. In iska ta bi tafki a tsawonsa, sai a sami ziri ɗaya tak mai kauri da ƙarfi. In ta ratsa shi a faɗinsa, sai a sami ƙananan zirara da yawa a jere, kowane da 'yar dusarsa. Tafkin Michigan ya miƙe daga arewa zuwa kudu, shi ya sa yammacin jihar Michigan ya fi samun irin na biyun, amma ranar da iska ta juyo daga arewa sosai, arewacin Indiana ne ke shan ziri guda. Wani lokaci ma iska takan fara shan danshi a wani tafkin kafin ta iso na biyu, kamar daga Huron zuwa Ontario, ta iso da guzurinta.

Akwai kuma saɓanin iska tsakanin ƙasa da sama. Thomas Niziol, wanda ya daɗe yana aiki a ofishin Buffalo, ya tsara wata ƙa'ida a 1987 da har yau ake koyar da ita: in bambancin alkiblar iska tsakanin ƙasa da tsayin kusan kilomita 3 bai kai digiri 30 ba, ziri zai haɗu ya yi ƙarfi, tsakanin 30 da 60 zai yi rauni, in ya wuce 60 sai ya tarwatse, a sami 'yan yayyafin dusa kawai.

Sai murfi. Sau da yawa a saman iska mai sanyin akwai wani rukuni na iska mai ɗumi da ke hana gajimare ci gaba da hawa. In murfin yana kilomita 1 kacal, gajimaren zai zama gajere, dusar kuma kaɗan. In ya ɗaga zuwa kilomita 3 ko 4, gajimare ya sami sarari, abin da zai zubo sai dai a yi hamdala in an wanye lafiya. A wannan ofishi na Buffalo ne aka ƙirƙiro manhajar BUFKIT, wadda ke zana dukan waɗannan a allo ɗaya, awa bayan awa, kuma yanzu ofisoshi da jami'o'i da yawa na amfani da ita.

Me ya sa ake cewa alkiblar iska ta fi komai?

Saboda ita ke zaɓen wanda zai sha. Sauran abubuwan suna faɗin ko dusa za ta yi yawa. Iska ce ke faɗin gidan wa.

Masu hasashe suna ƙidaya alkiblar iska da digiri: 270 daga yamma tsantsa, 225 daga kudu maso yamma. A gabashin Tafkin Erie, iska daga wajen 240 zuwa 250 takan ɗora ziri a kan birnin Buffalo kansa. In ta karkata zuwa 260 ko 270, zirin ya gangara garuruwan kudu da birnin, irin su Hamburg da Orchard Park. In ta yi ƙasa da 240, sai ya haura unguwannin arewa. A lissafi mai sauƙi, karkatar digiri 5 a kan tafiyar kilomita 300 tana gusar da bakin zirin kusan kilomita 26. Ga shi kuwa faɗin zirin kansa wani lokaci bai kai haka ba. Kuskuren da a wani fannin hasashe ba wanda zai lura da shi, a nan shi ne bambancin mita guda na dusa da babu komai.

Abin da ya faru daga 17 zuwa 21 ga Nuwamba 2014 ya isa misali. A zagayen farko iska ta kafe a alkibla ɗaya fiye da yini guda, zirin ya tsaya cak a kudu da gabashin birnin. Wani ɓangare na Cheektowaga, garin da ke dab da Buffalo ta gabas, ya sami santimita 165. Filin jirgin saman Buffalo, wanda shi ma a Cheektowaga yake, 'yan kilomita kaɗan arewa, ya sami kusan 15. Hotunan da aka ɗauka daga tsakiyar birni sun nuna shuɗin sama a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma farin bango tun daga ƙasa har sama. Zagaye na biyu ya biyo baya, jimillar abin da ya sauka a ƙauyen Cowlesville ya kai santimita 224. An rufe babbar hanyar jihar, rufin gidaje ya yi ta ruftawa, aƙalla mutum 13 suka rasu.

Daga nan za a ga cewa tsayuwar ziri ta fi ƙarfinsa haɗari. Ziri mai ƙarfi da ke kai-komo tsakanin arewa da kudu yana raba kayansa ga kowa kaɗan-kaɗan. Wanda ya kafe wuri ɗaya shi ne ke rufe ƙofofin gidaje.

Na'urar rada ba ta ganin komai ne?

Rada, wadda ke harba igiyar rediyo sama don gano dusa da ruwan sama, tana gani sosai in zirin yana kusa da ita, kuma da zarar dusa ta fara ita ce idon mai hasashe, domin duk bayan 'yan mintoci take sabunta hoto. Matsalarta nisa. Harshen rada mafi ƙasa yana fita ne a ɗan karkace zuwa sama, kusan rabin digiri, ita kuma duniya tana lanƙwasawa ƙasa. A nisan kilomita 100 harshen ya riga ya kai kusan kilomita ɗaya da rabi a sama. Gajimaren tafki kuwa sau da yawa gajere ne, kilomita 2 ko ƙasa da haka. Sai harshen ya wuce ta samansa, allo ya nuna garau, alhali a ƙasa direba ba ya ganin gaban motarsa.

Shi ya sa ake haɗawa da hotunan taurarin ɗan Adam na GOES, waɗanda tun bayan harba sabon samfurinsu a 2016 suke ɗaukar hoton Amurka duk minti biyar, ƙaramin yanki kuma duk minti ɗaya. Akwai kuma rada a Montague, a kan tudun Tug Hill, tana kallon gabashin Tafkin Ontario, sannan ana duba na Kanada don ganin abin da ke tahowa daga Huron.

Ina amfanin kwamfuta, in har yanzu ana kuskure?

Amfaninta babba ne, amma a san iyakarta. Manhajar lissafin yanayi tana yanka sararin sama ne gida-gida, ta lissafa abin da ke faruwa a kowane gida. Manhajojin da ke lissafa duniya gaba ɗaya, irin su GFS ta Amurka da ta cibiyar Turai, gidajensu kilomita 9 zuwa 13 ne. Zirin da bai wuce gida ɗaya ko biyu ba, ba za su zana shi da kyau ba. Abin da suka iya shi ne su faɗi cewa iskar sanyi na tafe, daga ina, kuma yaushe.

Ƙananan manhajoji ne ke zana zirin kansa. HRRR, wadda ta fara aiki a hukumance a 2014, tana da gidaje na kilomita 3, kuma duk awa ake sake gudanar da ita da sabbin bayanai. Tun daga 2020 tana karɓar zafin ruwa da yanayin ƙanƙarar tafkunan daga wata manhajar da ke lissafa ruwan kansa. Kanada tana da tata mai gidaje na kilomita biyu da rabi.

Hoton da suke fitarwa yana da kyau har yana ruɗin mutane, domin yana kama da hoton rada na gaskiya, kamar an leƙo gobe. A nan ne ƙwarewa ke aiki. Gogaggen mai hasashe ba ya riƙe hoto ɗaya. Yana jera na manhajoji da yawa, ya ga inda suka yi ittifaƙi da inda suka rarrabu, sannan ya gwama da abin da rada ke nunawa yanzu. In manhaja ta ce zirin yana Hamburg amma rada ta nuna shi kilomita 10 arewa, to abin da ta faɗa na awa shida masu zuwa ma sai a ɗauke shi da taka-tsantsan.

Kwana nawa kafin a iya sani?

Kwana huɗu zuwa biyar kafin lokaci akan hango cewa yanayin zai dace. Kwana ɗaya zuwa biyu, a iya faɗin yankin da abin zai fi shafa, a fitar da gargaɗi. Amma a ce zirin zai bar wannan titi ya koma wancan ƙarfe kaza, wannan aikin 'yan awanni ne. A Nuwamban 2022 hasashen ya fito da wuri har aka ɗauke wasan ƙwallon ƙungiyar Buffalo Bills daga Orchard Park aka kai Detroit tun kafin dusar ta kankama, kuma an yi dabara: Hamburg da ke maƙwabtaka ta sami santimita 206.

Ta yaya ake ƙiyasta yawan abin da zai sauka?

Manhaja ruwa take lissafawa, ba dusa ba, sai mai hasashe ya mayar da shi zurfin dusa. Ƙa'idar da aka saba ita ce santimita 1 na ruwa yana ba da 10 na dusa. A dusar tafki wannan ba ya aiki. Santimita 1 na ruwa yana iya ba da 20, ko 30, ko fiye.

Dalilin yana cikin gajimare. Ƙwayoyin dusa masu rassa, waɗanda in sun sauka sukan hau kan juna su bar sarari a tsakani, sun fi girma a inda zafi yake tsakanin digiri 12 da 18 ƙasa da sifiri. Don haka ana duba bayanan balan-balan a ga ko wannan rukuni ya faɗo a tsakiyar gajimare, inda iska ta fi hawa. In ya faɗo, dusa za ta yi laushi ta taru da sauri. In iskar ƙasa tana da ƙarfi, sai ta kakkarya rassan, dusar ta cushe, zurfin ya ragu. A farkon lokaci kuwa, da ruwa ke da ɗumi sosai, dusar takan zo jiƙaƙƙiya mai nauyi, ita ce mai karya rufi da bishiya.

Wa ke auna abin da ya sauka a ƙasa?

Galibi mutanen gari ne, da katako fari da sandar awo. Akwai dubban 'yan sa-kai, wasu ƙarƙashin hukumar yanayi, wasu a ƙungiyar CoCoRaHS da aka kafa a Colorado a 1998. A wurin da dusa ke bambanta daga titi zuwa titi, babu na'urar da ta maye gurbinsu.

Awon yana da doka. Akan ajiye katakon a fili, a auna abin da ya taru, a share, amma ba a sharewa fiye da sau ɗaya a awa shida. Dusa mai laushi tana lotsawa da kanta, don haka wanda ke sharewa akai-akai zai tara adadi mafi girma. An ga amfanin wannan doka a Janairun 1997, lokacin da aka ba da rahoton santimita 196 cikin awa 24 a Montague, adadin da ya so ya zama mafi girma a tarihin Amurka. Kwamitin da aka kafa ya duba ya tarar an auna fiye da adadin da doka ta yarda, ya ƙi amincewa da shi a matsayin tarihi. Ba wanda ya ce dusar ba ta sauka ba. Yadda aka ƙidaya ta ne bai cika ƙa'ida ba.

In tafki ya daskare fa?

Ƙanƙara ta raba ruwa da iska, injin ya mutu. Erie shi ne mafi rashin zurfi a cikin biyar ɗin, matsakaicin zurfinsa mita 19 ne kawai, don haka a yawancin shekaru yakan rufe kusan gaba ɗaya zuwa ƙarshen Janairu ko Fabrairu, Buffalo ta sarara. Ontario kuwa matsakaicin zurfinsa mita 86, da wuya ya rufe, shi ya sa gabashinsa ke shan dusa har Maris. A can ne tudun Tug Hill yake, mai tsayin kusan mita 600, inda iska ke ƙara hawa in ta ci karo da shi. Wasu wurare a kansa suna samun sama da mita 5 a shekara, kuma a Fabrairun 2007 garin Redfield ya sami santimita 358 cikin kwana goma. Wannan yanki ne masu bincike suka yi wa sansani a hunturun 2013 zuwa 2014, da jirgin sama na Jami'ar Wyoming da radar da ake ɗorawa a kan manyan motoci.

Daskarewa ba ta nufin an tsira. A ƙarshen Janairun 1977 Erie a daskare yake, dusa mai laushi ta taru a kansa, guguwa ta kwaso ta ta zuba wa Buffalo. Sabuwar dusar da ta sauko daga sama kaɗan ce, amma birnin ya yi kwanaki a tsaye.

Akwai lokacin da hasashen ya gaza ƙarara?

Akwai. A ranakun 12 da 13 ga Oktoba 2006 ruwan Erie yana kusan digiri 17, an fi tsammanin ruwan sama gauraye da 'yar dusa. Sai gajimaren ya yi ƙarfin da ya sanyaya iskar da ke ƙarƙashinsa, ruwa ya rikiɗe ya zama dusa. Santimita 57 suka sauka a filin jirgin Buffalo, bishiyoyi kuma ba su zubar da ganye ba, suka yi ta karyewa a kan wayoyin lantarki. Gidaje da shaguna kusan dubu 400 suka rasa wuta.

Amma wanda ya fi ciwo shi ne wanda hasashe ya yi daidai kuma aka yi asarar rayuka. Kwanaki kafin 23 ga Disamba 2022 ofishin Buffalo ya yi ta gargaɗin cewa abin da ke tafe ba a saba ganin irinsa ba. Dusar tafki ta haɗu da iska mai gudun da ya haura kilomita 110 a awa, aka shafe fiye da yini guda ba a ganin komai. Mutum sama da 40 suka rasu a yankin, wasu a cikin motoci, wasu a kan titi, wasu a gidajen da wuta ta ɗauke. Dokar hana tuƙi ta zo ne da safiyar ranar, bayan mutane da yawa sun riga sun fita aiki da sayayyar Kirsimeti, kuma an daɗe ana muhawara a kan haka. A ganina mutanen da suka saba jin mita guda ta sauka ba su ji tsoron adadin ba, alhali abin tsoron iskar ce.

A Amurka da Kanada kawai ake samun wannan?

A'a, mafi girmansa ma a Japan yake. Iskar Siberiya tana ratsa Tekun Japan mai ɗumi, ta ci karo da duwatsun yammacin ƙasar, ta sauke dusa a yankunan Niigata da Aomori. A Dutsen Ibuki an auna zurfin mita 11.82 a Fabrairun 1927. Bahar Aswad yana yi wa Istanbul haka, Tekun Kasbiyan yana yi wa arewacin Iran, Tekun Baltik ya binne garin Gävle na Suwidin a Disambar 1998, tafkin gishiri na Utah kuma yana taɓa Salt Lake City. Lissafin duk iri ɗaya ne.

Me ya sa Tafkin Chadi ba ya yin haka lokacin hunturu?

Iskar hunturunmu ba ta kusanci sifiri ba, busasshiya ce ƙwarai, kuma iskar da ke samanta saukowa take yi, wato murfin a danne yake. Tafkin ma ba shi da zurfin da zai adana zafi. Abin da ya fi kama da wannan a Afirka shi ne Tafkin Victoria, inda da dare ruwa ke fin ƙasa ɗumi, iska ta taru a tsakiyarsa daga kowace gaɓa, hadari mai tsawa ya taso a kan masunta.

Ɗumamar yanayi za ta rage ta ko za ta ƙara ta?

Tun 1973 ake ajiye lissafin ƙanƙarar tafkunan, kuma bambancin shekara da shekara yana da girma: a 1979 kusan kashi 95 cikin ɗari ya rufe, a 2002 bai wuce kashi 12 ba, a 2014 ya sake haura 92. Amma in aka duba tsawon lokacin, raguwa ake yi. Ruwa mai ɗumi da ya daɗe a buɗe yana nufin duk sanda iskar sanyi ta zo za ta tarar da abin sha, har a watannin da a da ƙanƙara ta rufe. Don haka a kusa ana iya ganin manyan zubowa. In iskar kanta ta ci gaba da ɗumi, wani kaso zai koma ruwan sama, musamman a tafkunan kudu.

Wanda karatu ko aiki ya kai shi Buffalo, ko Syracuse, ko Cleveland, ko London ta lardin Ontario a Kanada, me zai riƙa dubawa?

Kada ya dogara da lamba ɗaya da manhajar waya ke nunawa, domin ta gari ce gaba ɗaya, shi kuwa ziri bai san iyakar gari ba. Ya shiga shafin ofishin hukumar yanayi na yankinsa ya duba taswirar dusa, ya karanta bayanin da masu hasashe ke rubutawa da kansu sau da yawa a rana, inda suke faɗin alkiblar iska da lokacin da suke tsammanin zirin zai gusa. Ya tambayi maƙwabta wace iska ce ke kawo wa unguwarsu dusa. Tsofaffin mazauna sun sani. Kafin ya hau hanya ya duba rada a kan duk hanyar da zai bi, ba inda yake tsaye kaɗai ba.

In dusa ta tsare shi a mota, ya zauna ciki, ya riƙa kunna inji jefi-jefi, amma kowane lokaci sai ya fita ya tabbatar dusa ba ta toshe salansa ba. Haka ma a gida, a riƙa share bakin bututun da ke fitar da hayaƙin na'urar ɗumama ɗaki. Iskar gubar da ke taruwa in an toshe su ba ta da wari, kuma tana cikin abubuwan da suka yi kisa a Disambar 2022.